Jawabi Kan Kufai da Kayan Tarihi, a Taron 'Yan Kasuwarmu na Relief

Mai girma Sarkin Hausawa, malamanmu, shugabannin ƙungiya, 'yan uwa da suka zo daga Fatakwal da Inugu, barkanmu da haɗuwa.

Maganar yau ba ta albasa ba ce, ba ta kuɗin rumfa ba, amma ta shafi motocinmu da sunanmu. Nan kusa da mu, a jihar Anambra, akwai garin Igbo-Ukwu. A 1938 wani mutum, Isaiah Anozie, yana haƙa ramin tara ruwa a gidansa ya ci karo da kayan tagulla. Daga baya Bature Thurstan Shaw ya tona wurin a 1959 da 1964, aka samu tukwane da kayan ado da duwatsun wuya sama da 100,000, masu shekara fiye da 1,000. Wasu duwatsun daga nesa suka zo, wato dai fatake irinmu ne suka kawo su. Da yake an tona a tsanake, an rubuta inda kowane abu ya fito, yau duniya ta san tarihin wurin.

To mu waiwaya gida. A shekarun 1990 mutane suka faɗa wa ƙasar Nok da Kwatarkwashi da diga da shebur, ana tono mutum-mutumin yumɓu ana sayar wa dillalai. Mai tonon ya samu na cefane, kayan kuma suka ƙare a Turai. A 2000 har gidan tarihi na Louvre a Faransa aka nuna wasu, sai da aka yi ta ja-in-ja kafin a amince mallakar Nijeriya ne. Kuma kayan nan ba tashi sama suka yi ba, a mota suka bi hanya, wani lokaci ƙarƙashin buhuna. Dokar 1979 da ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa ta hana saye da fitar da su ba izini. In aka kama a motar ɗayanmu, wallahi ba sunansa za a faɗa ba, "Hausawa" za a ce. Wani zai ce ai gumaka ne, ina ruwanmu? Hukuncin wannan na malamai ne, amma ba mu san malamin da ya halatta dakon kayan sata ba.

Sai batun daji. Surame, birnin Kanta na Kabi a ƙasar Sakkwato, daji ne ya rufe ganuwarsa ta dutse tun da aka tashi daga cikinsa. Inda aka sare itace don gawayi, ruwan sama ke kwashe ƙasa, kamar yadda muke gani da idonmu a kwazazzaban Nanka. Manoman Maraɗi tun shekarun 1980 suka koma barin kututture ya toho a gona, gawo da kalgo suka dawo ba tare da an sayi dashe ba. Haka za a iya yi wa kewayen kufai, sai dai itacen da ya tsiro a kan ganuwa kanta a cire shi, don saiwarsa na tsaga gini.

Abin da muke roƙo a sa cikin dokar ƙungiya: kowane direba da ɗan kamasho ya buɗe ƙunshin da bai sani ba kafin a loda, in ya ga irin waɗannan ya sanar da Sarki. Masu harkar gawayi kuma su riƙa tambayar inda aka saro. Sakatare zai karɓi shawarwari bayan sallar La'asar.