Bakin Ruwan Ikko: Daga Marina Zuwa Lekki

Jawabin da aka yi wa taron 'yan Arewa mazauna Apapa

Jama'a, duk wanda ya tsaya a Marina yau, ya ga gadoji da motoci, da wuya ya yarda cewa nan ce tsohuwar kwatar Ikko. Alhali kuwa a nan ake sauke goron Gwanja, fataken Hausawa na jira a gaɓa.

A wancan zamani manyan jiragen ruwa ba sa iya shigowa, saboda tudun rairayi da ya tare mashigar teku. Sai su tsaya can waje, ƙanana su yi ta jigilar kaya da mutane, wani lokaci igiyar ruwa ta kife da su. Turawa suka yi ta jibge duwatsun da aka faso daga wajen Abeokuta don su kare mashigar, har a 1914 jirgin wasiƙu mai suna Akoko ya samu shigowa.

Kafin nan, a 1911, dogo ya isa Kano, ba da jimawa ba gyaɗa ta fara gangarowa Kudu. To, Marina a kan tsibiri take, jirgin ƙasa kuwa a Iddo yake tsayawa. Dalili ke nan da aka gina tashar Apapa, aka gama kashin farko a 1926, inda tarago ke kai buhu har gindin jirgi. Gyaɗa da auduga da fatu da ƙiraga su suka raya ta, watau gumin manomin Arewa ke nan, ko da yake ba a cika faɗa ba.

A 1975 jiragen siminti fiye da 400 suka cunkushe a bakin teku, abin da ya sa aka gaggauta gina tashar Tin Can, aka buɗe ta a 1977. Ita kuwa gaɓar Marina aka cike ta da rairayi, aka shimfiɗa titi a kai.

Da reluwe ta lalace, sai nauyin duka ya koma kan mota. Direbobin tirela da tanka da suka sha kwana da kwanaki a layin Apapa, ba makewayi ba wurin salla, ba sai an ba su labari ba.

An dai yi gyara. A 2023 jirgin ƙasa na cikin gari ya fara tashi daga Marina zuwa Mile 2, aka kuma buɗe sabuwar tasha mai zurfi a Lekki. Sai dai an buɗe ta babu dogon da ya haɗa ta da ko'ina. Kayan da aka sauke a can ranar farko, in na Kano ne, a bayan tirela suka yi tafiyar kimanin kilomita 1,000.