Jawabi a Bikin Yaye Matasan Rano da Kibiya Masu Koyon Aikin Sadarwa

Mai Martaba Sarkin Rano, Autan Bawo, Allah ya ja zamaninka. Hakimai da dagatai, malamanmu, iyaye, da ku 'ya'yanmu da ake yayewa yau.

Tun da wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, kusan kullum ana miƙa kiranmu daga hannu zuwa hannu ba mu sani ba. Mai mota ya taso daga Rano ya nufi Kibiya yana magana, turken sadarwar da ya bari a baya ya saki kiran, na gaba ya karɓa, maganar ba ta yanke ba. Sai an shiga tsakanin duwatsun Rurum, ko gona mai nisa a wajejen Tarai, inda babu turken da zai karɓa, a ji mutum yana ta "Halo, kana ji na?"

Wannan giɓin ake so tauraron ɗan Adam ya cike. A 2022 ƙungiyar 3GPP, mai tsara ƙa'idojin wayar salula ta duniya, ta shigar da taurari cikin ƙa'idojin 5G, kuma Starlink ya fara aiki a Najeriya a Janairun 2023. To amma taurarin ba iri ɗaya ba ne. Namu, NigComSat-1R, da aka harba a Disambar 2011, yana can nisan kilomita kusan 36,000, kullum a gurbi ɗaya, sai dai murya kan yi jinkiri kafin ta je ta dawo. Na Starlink kuwa kilomita kusan 550 ne kawai, amma gudu suke yi. Kowanne mintoci kaɗan yake yi a kanmu ya wuce.

Nan ne basira ta shigo. Idan waya ta jira sai sabis ya raunana kafin ta sauya, ta makara. Dole na'urar ta san hanyar tauraron tun kafin ya ɓace, ta tuna wuraren da sabis ya saba ɗaukewa, ta auna ko kira ake yi, ko kuɗi mai POS yake turawa. Kada kuma ta yi ta kai-komo tsakanin sama da ƙasa, batir ya ƙare a banza.

Ni dai ra'ayina, na'urar da ta fi hankali ita ce wadda ke saurin komawa kan turke da zarar ya samu, domin sabis ɗin sama tsada gare shi, kuma aljihun manomi ne zai biya. Saboda haka kada wani ya ce muku zamanin turke ya wuce. Sola da batir da janaretansa suna jiran hannuwanku, kuma ku kuka san lungun da sabis ke mutuwa, ku riƙa rubutawa kuna ajiyewa.

Allah ya yi muku albarka, ya sa wa sana'arku albarka. Yanzu, da izinin Mai Martaba, za a fara kiran sunaye domin karɓar takardun shaida.