Jawabin mushen lakkol a taron ƙungiya

Iyayena dattawa, malammai, 'yan uwa na gida da na ci-rani, ku yi mini gafara, zancen da na kawo yana da nauyin baki.

Bara wata ɗiya ta ajina ta bar zuwa lakkol. Na bi sawu, anka ce mini ciki gare ta, uban ya kore ta. Bayan wata biyu munka ji ta sha jiƙo da ƙwayoyin kasuwa don ta zubar, jini ya ɓalle mata, da ƙyar anka ceto ranta a likita. Wanda ya yi cikin kuwa yana nan, sahu guda muke sallah da shi.

Ban zo wanke laifi ba. Amma malammai, kun fi ni sani: Suratun Nur ta aza bulala 80 bisa mai ƙazafi in bai kawo shaidu 4 ba, don a rufa asirin mutane. Jariri kuma bai ɗauki zunubin kowa ba.

Asusunmu yana biyan mota a kai gawa gida. Ina roƙo ya taimaki mai rai. In uba ya yi fushi, yarinya ta zauna wajen uwargidan liman har a lallashe shi. Mata biyu su riƙa raka ta awo. Ranar bakwai a raɗa suna kamar na kowane ɗa, asusu ya taimaka da rago. Tun 2019 doka ta yarda ta koma aji bayan haihuwa. Ni zan karɓe ta.

Liman, muna sauraronka.