Amsar Wasiƙunku: Shin Hunturu Shi ne Winta?

Wasiƙar da muka ɗauko yau ta fito ne daga wani malamin firamare da ke koyarwa a wani ƙauye a yankin Ɗambatta. Bayan gaisuwa, malam ya ce a littafin Turancin da yake karantar da 'yan aji huɗu akwai darasi a kan lokacin da Turawa ke kira winta, da hoton yara suna wasa cikin wani farin abu. Ya ce ya fassara musu da hunturu, sai wani yaro ya ɗaga hannu ya ce, to me ya sa farin abin bai taɓa sauka a garinsu ba? Malam ya ce nan ya yi turus. Yana tambaya, shin hunturu shi ne winta? Kuma waɗanne kalmomi ya kamata ya koya wa yara game da wannan lokaci?

To malam, mun gode, kuma a gaishe mana da wannan yaro, don matambayi ba ya ɓata. Amsa a taƙaice ita ce a'a. Hunturu da winta maƙwabta ne, lokacinsu ɗaya, amma kowa da halinsa. Shawararmu kuwa ita ce ka fara da namu, wanda yaro ya kwana cikinsa jiya, sannan ka bi da shi zuwa na Turai. Ku kuma iyaye manoma da 'yan kasuwa, kada ku ce wannan zance na malamai ne. Ku saurara, don akwai rabonku a ciki.

Bari mu fara da abin da ya haɗa su. Duniya tana kewaya rana ne a ɗan karkace, karkatar da masana suka auna ta kai wajen digiri 23 da rabi. Daga Disamba zuwa Fabrairu, ɓangaren arewa na duniya ne ke kauce wa rana, sai yini ya gajarta, dare ya yi tsawo. Yini mafi gajarta yakan faɗo ranar 21 ko 22 ga Disamba. To amma mu muna kusa da tsakiyar duniya, don haka abin bai cika taɓa mu ba. A Kano, ko a wannan rana yini yakan kai awa 11 da kusan rabi. A Landan kuwa bai cika awa 8 ba, kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ƙasa ba ta samun zafin kirki, sanyi ya yi ta sauka har ya kai sifiri a ma'auni, inda ruwa ke zama ƙanƙara. A ƙasashe irin su Rasha da Kanada koguna kan daskare har mutum ya taka ya wuce. Wannan shi ne winta.

Namu kuwa iska ce ke kawo shi. Daga wajen Nuwamba iska takan juyo daga arewa maso gabas, ta ratso hamadar Sahara, busasshiya ƙayau, ba laima a cikinta ko kaɗan. Da yake ba girgije a sama, zafin da ƙasa ta sha da rana sai ya tsere da dare, shi ya sa asuba ke da sanyi, azahar kuma rana ta buɗe. A Kano da kewaye sanyin asuba yakan sauka wajen digiri 13, wani lokaci ƙasa da haka, amma bai kai na daskarar da ruwan randa ba. Ƙurar da kuke gani kuwa, mafi yawanta daga ƙasar Chadi take tasowa, daga wani kwari da ake kira Bodele, arewa maso gabas da Tafkin Chadi, inda dā can tafki ne ya ƙafe ya bar farar ƙasa mai laushi. Wannan ƙura har teku take ƙetarewa ta sauka a Kudancin Amurka. Sunan wannan iska a Turanci hamatan, kuma su ma Turawan aro suka yi daga bakin mutanen Akan na ƙasar Gana. Saboda haka malam, in an tambayi yaro hunturu da Turanci a jarrabawa, hamatan zai rubuta. In ya rubuta winta ya faɗi.

Yanzu ga kalmomin. Ka fara da jerin lokutan shekara yadda manomi ya san su: damina, kaka, hunturu, bazara. Ka nuna musu cewa rani babbar riga ce, ta lulluɓe duk watannin da ba a ruwa, hunturu da bazara duk suna cikinta. Daga nan ka shiga cikin hunturun kansa. Akwai sanyi, akwai ɗari. Sanyi ya game ko'ina, har na damina da na ruwan tulu. Ɗari kuwa busasshen sanyi ne mai tafe da iska, mai shiga ƙashi. In ya tsananta a ce jaura ta sauko, ko a ce ana muku-mukun sanyi. Akwai hazo, wanda ke rufe gari har ka kasa hango rimin bakin kasuwa, har jiragen sama su fasa sauka. A wasu wurare buda suke ce masa. Akwai hantsi, wato ranar safe da tsofaffi da awaki ke fita sha a jikin katanga. Ka ga kalma takwas ke nan ko fiye, ba ka buɗe littafi ba tukuna.

Sai kalmomin jiki. Ka ce kowane yaro ya dubi ƙafarsa. Ga kaushi, ga faso a dunduniya, ga leɓe ya tsattsage, ga fata ta yi furu-furu. Ga mura, majina, tari, atishawa, haɓo. Ga aikatau kuma: karkarwa, rawar ɗari, takurewa, ƙudundunewa, lulluɓa, jin ɗumi. Kada ka tsaya rubuta su a allo kawai. Ka ce wane ya taso ya nuna mana yadda ake ƙudundunewa, wance ta nuna rawar ɗari. Za a yi dariya, amma kalmar ta zauna ke nan. Sannan kayan kariya: bargo, gwado, mayafi, rigar sanyi, hular sanyi, safa, man kaɗanya, man shanu, basilin, kaskon wuta, gawayi, garwashi.

Sai kalmomin sana'a, kuma a nan ne yaran za su fi ka sani. Noman rani, fadama, lambu, jigo, injin ban ruwa, albasa, tumatir, tattasai, alkama. Ka tambaye su don me ba a shuka alkama da damina. Ɗan manomin Kadawa ko Bakolori zai gaya maka alkama sanyi take so, shi ya sa ake shuka ta daga tsakiyar Nuwamba zuwa farkon Disamba, in aka makara zafin bazara ya riske ta kafin ta cika ido. Akwai sussuka da shiƙa, akwai rumbu, akwai cin rani. Akwai ayarin raƙuma da ke tashi daga yankin Agadas zuwa Bilma ɗauko gishiri da dabino, su ma sai zafi ya karye suke kama hanya. Yaran da ke zuwa makarantar allo kuma, ka tuna musu cewa Suratu Ƙuraishin ta ambaci tafiyar fatauci ta lokacin sanyi da ta lokacin zafi, malamai suka ce ta sanyi Yaman ake nufa, ta zafi kuma Sham. Ashe tun dā ɗan kasuwa da yanayi yake lissafi.

To, in yaro ya riƙe waɗannan, sai ka ɗora masa na Turai a kai. Farin abin nan na cikin hoto sunansa dusar ƙanƙara. Dubi yadda Bahaushe ya raɗa sunan. Yaro ya san dusa, yana ba akuya kullum. Ya san ƙanƙara, ya ga ta faɗo da ruwan farkon damina, ya ga ta mai sayar da zoɓo. Sai ka ce masa, can ƙasashen in sanyi ya kai matuƙa, laimar da ke cikin girgije takan daskare ta sauko a hankali, fara fat, ba nauyi, kamar ana shiƙar dusa daga sama. Mu ba ta sauka mana saboda dalili biyu: sanyinmu bai kai ba, kuma lokacin da muke sanyin babu girgijen ruwa a samanmu. Ga amsar yaronka nan.

Kalmar daskarewa kuwa, ka zo da kwalbar man ja ko man shanu aji da sassafe. Su ga ya yi tauri. A ajiye shi a hantsi, kafin tashi ya narke. Daskarewa da narkewa ke nan, gani ya kori ji. Littafin zai ce itatuwa na zubar da ganye lokacin winta. Ka fita da su gindin kuka su ga ta tsaya tsirara. Sannan ka nuna musu gawo, wanda ya saɓa wa kowa, yana kore shar da rani, yana kaɗe ganye da damina. Wannan ko a littafin Bature babu shi.

Ka kuma gaya musu kada su ɗauka dusar ƙanƙara ta Turawa ce su kaɗai. A nan Afirka akwai ta a kan dutsen Kilimanjaro na Tanzaniya, mai tsawon mita 5,895, da duwatsun Atlas na Maroko, da ƙasar Lesoto. Har a bakin Sahara ta taɓa sauka, a garin Ain Safra na Aljeriya, a 1979 da 2016 da 2018. A Afirka ta Kudu kuwa lokacin sanyinsu Yuni ne zuwa Agusta, sa'ad da mu muke tsakiyar damina, domin su suna ɓangaren kudu na duniya.

Wani zai ce, ai Turanci aka kawo yaro ya koya, me ya kawo jaura da faso? To ai ba a gini sai da harsashi. Manufar ilimi ta Nijeriya ta 1977 ta tanadi a fara karantar da yaro da harshen gida a shekarun farko na firamare. Kafin nan ma, daga 1970, Farfesa Babs Fafunwa ya jagoranci wani gwaji a Ile-Ife, inda aka karantar da wasu yara da Yarbanci shekara shida, Turanci kuma aka koyar da shi a matsayin darasi guda, aka tarar yaran ba su gaza takwarorinsu ba ko a Turancin. Yaron da ya haddace winta bai san abin da take nufi ba, aku ne. Wanda ya san ɗarinsa, ya san dalilinsa, in ka ba shi kalmar Turanci yana da inda zai rataye ta.

Akwai kuma abin da ya fi cin jarrabawa. Waɗannan kalmomi suna tsare rai. In kana koyar da kaskon wuta, ka haɗa da cewa ba a kwana da gawayi a ɗaki rufe, domin yana fitar da wata iska mai guba wadda ba ta da wari ba ta da launi, mutum na barci ta tafi da shi. In kana koyar da jin ɗumi, ka haɗa da gobara, don yanzu komai ya bushe, tartsatsi ɗaya ya isa ya cinye danni da rumbu. In kana koyar da tari, ka ce in ƙaramin yaro na numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na shiga ciki, asibiti za a nufa ba a jira gobe. Masu asma da masu sikila a lulluɓe su da kyau. Zazzaɓi da ciwon kai da sanƙarewar wuya kuwa alamar sanƙarau ce, wadda ta fi yawa daga ƙarshen hunturu zuwa bazara, kuma manyanmu ba su manta ɓarnar da ta yi a Arewa a 1996 ba. Yaro zai kai wannan gida, uwa ta ji. Rigakafi ya fi magani.

Ku kuma iyaye, ga rabonku. Malam zai ba yara aikin gida, kowa ya je ya samo kalma uku ta lokacin sanyi daga bakin kakansa ko kakarsa. In ɗanka ya zo maka da wannan tambaya a bakin wuta, kada ka kore shi ka ce kai ba ka yi boko ba. A wannan darasi kai ne ƙamus. Bargery da ya wallafa babban ƙamusunsa na Hausa a 1934, daga bakin mutane irinku ya tattara kalmomin, gari gari. Abin da Basakkwace zai faɗa dabam da na Bakano, na Damagaram dabam da na Zazzau, kuma duk Hausa ce. Malam, ka samu kwali ka rubuta duk abin da suka kawo, ka manna a bango, kowace kalma da sunan unguwar da ta fito. Kafin bazara ta shigo za ka ga kwalin ya cika, ka nemi wani.

Muna roƙonka in ya cika ka kwafo mana ka aiko, mu karanta wa sauran malamai su amfana. Masu saurare, duk wanda ya san wata kalmar sanyi da ba mu ambata ba, shi ma ƙofa a buɗe take.

A nan za mu dakata. A lulluɓe yara, a kashe wuta kafin a kwanta. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.