Tafiya Da Matashi Mai Lalurar Otizim

(Jawabin da ma'aikacin raya karkara na ikilisiya ya yi wa iyaye a Karfi bayan sujadar Lahadi)

 Kun saba ji na a kan taki da rijiya da gidan sauro. Yau wata magana ce daban na kawo.

Kaka ta yi, an soma shirin tafiye-tafiye: taron zumuntar mata, bukukuwan aure, Kirsimeti wurin dangi a Zariya ko Kano. A wani ƙauye da nake zagayawa akwai wata uwa da ta shekara shida ba ta je taron zumunta ba. Da na tambaye ta dalili, sai ta nuna mini ɗanta mai shekara 15. Ba ya magana sai kalma ɗaya ko biyu, ba ya kallon mutum a ido, in aka buga ganga sai ya toshe kunnuwa ya ruga. Ranar da ta taɓa yin tafiya, kulle shi aka yi a ɗaki kwana uku, ta dawo ta tarar ya ciji hannunsa har jini. Tun ranar ta haƙura da zuwa ko'ina.

Likitoci suna kiran wannan lalura otizim, a rediyo kuma kukan ji ana cewa galahanga. Ba mayu ba ne, ba zunubin iyaye ba ne, ba kuma allurar rigakafi ke kawo ta ba. Ƙwaƙwalwar yaron ce take karɓar ƙara da haske da taɓawa ba kamar tamu ba. Wani likita a Amurka, Leo Kanner, ya bayyana ta a 1943 bayan ya lura da yara 11. A 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan yaro ɗaya cikin 100 yana da ita. Ku ƙirga yaran makarantun Lahadi na yankinmu, ku gani ko za a rasa.

A ƙasashen Turawa iyalai kan tafi hutu cikin manyan jiragen ruwa, kwana da kwanaki a kan teku. A 2014 kamfanin Royal Caribbean ya samu shaidar cewa jiragensa sun dace da irin waɗannan yara, domin akan bar iyalinsu su shiga ba tare da bin dogon layi ba, a kuma kula da abincin da yaron ya saba. Mu nan ba mu da teku, J5 da a-kori-kura muke da su. Amma abin da suka gane ya shafe mu: jira, cunkoso, hayaniya da baƙon abinci su ne ke tayar wa yaron hankali, ba tafiyar kanta ba.

Saboda haka kada ranar tafiya ta zama ranar da zai fara shiga mota. Tun da saura mako biyu ku kai shi Malumfashi ku dawo, amma ba ranar kasuwa ba. Kullum ku riƙa gaya masa inda za a je da wanda za a gani, ko da kuna ganin kamar ba ya ji. Yana ji. Ku nema masa wurin zama kusa da taga, in da hali ku biya kuɗin kujera biyu don kada a matse shi. Ku ɗauki abincin da ya saba da kwanonsa. Wannan murfin kwalba ko tsumman da kullum yake riƙe da shi, kada ku ƙwace don jin kunyar mutane. Ina roƙon ku kuma, kada ku sayi maganin barci a kemis ku ɗura masa. Waɗansunsu suna da farfaɗiya, sai likita ya duba. Akwai masu duba irin wannan a asibitin koyarwa na Shika da na Malam Aminu Kano.

Yanzu ga abin da ya fi damuna. Ɗan shekara biyar in ya ƙi amsa tambaya, dariya ake yi. Ɗan shekara 16 mai tsawo, in aka tsayar da mota a shingen jami'an tsaro aka ce masa "daga ina?" ya yi shiru, ko ya ɓalle da gudu, kun san halin da hanyoyinmu ke ciki. Ana iya ɗaukarsa ɓarawo ko ɗan leƙen asirin 'yan bindiga, kafin a gane gaskiya an yi ɓarna. Don haka ku yi tafiya da rana. Ku riga shi magana, ku ce wa jami'in, "Ranka ya daɗe, yaron nan yana da lalura, ba ya amsawa." Ku rubuta sunansa da garinsa da lambar waya a ƙyalle, a ɗinke a rigarsa. Takarda a aljihu jefarwa zai yi.

Kun san labarin da ke cikin Luka sura 2. Yusufu da Maryamu sun yi tafiyar yini guda suna tsammani yaronsu mai shekara 12 yana cikin ayari, sai bayan kwana uku suka same shi. Haka tafiyar taro take, kowa yana zaton yaron yana wurin wani. Dole a sa mutum ɗaya, a kira sunansa, a ce yaron nan a hannunka yake daga safe zuwa rana, sa'an nan wani ya karɓa. Kada a bar wa uwar ita kaɗai, ita ma ta zo jin wa'azi ne.

In kun isa, ku nemi inuwa nesa da lasifika inda zai riƙa hutawa. In ya birkice, ba taurin kai ba ne, abin ne ya yi masa yawa. Kada a doke shi, kada a kewaye shi ana ɗaga murya da addu'a a kansa. A ja da baya, mutum ɗaya da ya sani ya zauna kusa da shi har ya sauko.

Uwar da na gaya muku tana so ta je taron bana tare da ɗanta. Mun riga mun gwada zuwa Malumfashi sau biyu. Na farko ya ƙi sauka daga mota, na biyu ya sauka har ya sha fura. Muna neman matasa biyu da za su riƙa karɓar juna wajen kula da shi, da wanda zai biya kujera ta biyu. Mai niyya ya same ni a bakin ƙofa bayan addu'ar rufewa.