Jawabin Babban Baƙo a Bikin Yaye Ɗaliban Kwas na Sarrafa Ayyuka

 

Mai girma shugaban taro, Allah ya ƙara girma. Masu martaba iyayen ƙasa, Allah ya ja zamaninku. Shugaban wannan cibiya da malamanta, iyaye maza da mata da suka baro harkokinsu suka zo, da ku 'ya'yana da ake yayewa yau, ina yi muku barka da wannan rana. Na gode da karramawar da aka yi mini ta tsayawa a gabanku.

'Ya'yana, sana'ar da kuka koya ana ganin rashinta fiye da yadda ake ganin ta. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙasar nan ya ga ginin da ya tsaya a linta, rodi ya yi tsatsa, ciyawa ta fito a inda aka ce ɗakin haihuwa ne, allon kwangila kuma rana ta cinye rubutunsa. A 2011 wani kwamitin shugaban ƙasa ya ƙidaya ayyukan gwamnatin tarayya sama da 11,000 da aka fara ba a gama ba. Kamfanin ƙarfe na Ajaokuta, da aka ba da kwangilarsa tun 1979, har yau bai kai ga yin aikin da aka gina shi dominsa ba. Kowane ɗaya daga cikin ayyukan nan an yi masa bikin aza harsashi, an yi addu'a, an tafa. Abin da ya yi ƙaranci shi ne mutumin da zai tashi tun kafin a haƙa rami ya ce kuɗin nan ba za su isa ba, lokacin nan bai yiwuwa. Ku ne wannan mutumin, kuma wannan ne babban abin da na zo in roƙe ku a kansa.

Dabarun da malamanku suka koya muku duk don faɗin wannan gaskiya aka ƙirƙiro su. Jadawalin da Henry Gantt ya yaɗa a shekarun 1910 ya sa kowa na iya gani da idonsa wane aiki ne ya makara. A 1957 kamfanin DuPont na Amurka da Remington Rand suka fito da dabarar gano jerin ayyukan da idan ɗayansu ya yi jinkirin kwana ɗaya, aikin gaba ɗaya ya yi jinkirin kwana ɗaya. Shekara guda bayan haka rundunar sojin ruwan Amurka, a aikin makamin Polaris, ta kawo tsarin PERT, wanda ke tambayar ma'aikaci ƙiyasin lokaci iri uku: idan komai ya tafi daidai, idan abu ya tafi yadda aka saba, da idan abu ya ɓaci. Ina son tambayar nan ta uku ƙwarai, domin ita ce ba ma son yi wa kanmu.

Ku ɗauki ginin ajujuwa shida a ƙauye. An biya ɗan kwangila kafin alƙalami a watan Afrilu, shugaba yana son a yanke ƙyalle a Yuli. Kun san bulo sai ya sha ruwa ya bushe, kun san kankare ana auna cikar ƙarfinsa ne bayan kwana 28, kuma ba ya jin umarnin kowa. Kun san da ruwan farko ya sauka, leburori za su koma gona, motar yashi za ta maƙale a hanya. Kafinta ba zai ɗora katako ba sai birkila ya gama, mai filasta ba zai shiga ba sai an buga kwano. Fenti da allo suna iya jira, amma rufi ba ya jira. Idan kun zauna da alƙalami kuka jera waɗannan, lissafi ya ba ku Nuwamba, to ku shiga ofis cikin ladabi ku ce, "Ranka ya daɗe, Nuwamba ne." Zai yiwu a ɓata rai. Gara ɓacin ran yini ɗaya da ginin da zai tsage a kan yara.

Kada ku ɗauka wannan ciwon namu ne mu kaɗai. Gidan wasan kwaikwayo na Sidni a Ostareliya, wanda duniya ke ɗaukar hotonsa, gwamnati ta matsa aka fara gininsa a 1959 tun ba a kammala zane ba. An ƙiyasta dalar Ostareliya miliyan 7, ya ci miliyan 102. An sa ran buɗe shi a 1963, sai a 1973 aka buɗe. Su suna da aljihun da ya ɗauki wannan ɗawainiya, ƙaramar hukumar da za ku yi wa aiki ba ta da shi. Doka ma tana bayanku, domin dokar sayayya da ba da kwangila ta 2007 ta hana a ƙulla kwangila sai an tanade ta a kasafin kuɗi kuma an tabbatar kuɗin suna nan. Ku karanta ta sosai, za ta kare ku a ranar da ba wanda zai kare ku.

Sai batun bincike, wanda wasu ke ɗauka aikin 'yan jami'a ne kawai. Madatsar ruwa ta Tiga, da aka gina tsakanin 1971 da 1974 a zamanin Gwamna Audu Baƙo, aiki ne da aka fara kuma aka gama, kuma alherinsa a fili yake. Wanda ya je Kadawa da Kura lokacin rani ya ga shinkafa da tumatir da alkama, ya san Allah ya sa wa aikin albarka. Amma kogi ba ya ƙarewa a bakin madatsa. Can ƙasa, a dausayin Haɗeja da Nguru, manoma da masunta da makiyaya sun dogara ne da ambaliyar damina da janyewarta. Bayan Tiga, sannan madatsar Challawa a 1992, ga kuma farin da aka yi a shekarun 1970 da 1980, tafiyar ruwan ta sauya. Ambaliya ta ragu a wasu wurare, a wasu kuma ruwa ya riƙa kwanciya duk shekara, ciyawar kachala ta toshe magudanai ta cinye gonaki, tsuntsayen jan baki suka samu maɓoya. A madatsar Bakolori kuwa, rikicin diyyar gonaki ya kai ga asarar rayukan manoma a 1980. Ban kawo waɗannan don rage darajar magabatanmu ba, sun yi aiki da zuciya ɗaya. Na kawo su ne don ku gane cewa bincike yana nufin a taka da ƙafa a je wurin wanda aikin zai shafa, har da wanda ba a gayyace shi taro ba. Kafin ku haƙa rijiyar burtsatse, ku zauna da mai unguwa, ku tambayi matan da ke aiken yara ɗebo ruwa, ku san wa zai sayi kayan gyara ranar da famfo ya lalace. Ku rubuta abin da kuka ji, ku ajiye, don na bayanku ya samu.

Takardar da za a miƙa muku ba ta rufe karatu ba. Cibiyar masu sarrafa ayyuka ta PMI, da aka kafa a Amurka a 1969, ba ta barin mai shaidarta ta PMP ya riƙe ta haka kawai, sai ya nuna ƙarin ilimi na awa 60 duk shekara uku. A 2001 masu rubuta manhajar kwamfuta su 17 suka haɗu a jihar Yuta suka fito da salon aiki kaɗan-kaɗan, ana nuna wa mai aiki ana gyarawa. Salon ya dace da manhaja, bai dace da gada ba, kuma sanin inda kowace dabara ta dace sai da shekaru a fagen aiki. Ku nemi tsohon injiniya ku durƙusa ku tambaya. Ku saurari birkila, sau da yawa ya riga takarda ganin matsala. Ku 'ya'yana mata, na ga ku da yawa a sahun nan kuma raina ya yi fari. Wurin aiki zai gwada ku, ku tsaya a kan lissafinku.

Malamai, Allah ya saka muku da alheri. Iyaye, Allah ya sa ku ci moriyar wahalarku. 'Ya'yana, Allah ya yi muku albarka, ya ba ku halali, ya tsare hannuwanku daga dukiyar jama'a, ya mai da kowa gidansa lafiya. Mai girma shugaban taro, da izininka, a fara kiran sunaye.