Shanya Mota Bayan Ruwa: Jawabi Ga Hakimai Da Malamansu A Bici

Nan Bici, kamar sauran ƙasar Kano, ruwa ya fi ƙarfi cikin watan Agusta. Sau da yawa akan manta gilashin mota a buɗe wajen rangadi, hadari ya taso, kujeru su jiƙe sharkaf.

Cikin kujera akwai soso, shi kuwa ba ya sakin ruwa da wuri. In mota ta kwana 2 a rufe haka, sai fumfuna da wari; in ta daɗe haka kuma, daɓenta na iya kama tsatsa, wayoyin lantarki su lalace.

Saboda haka a umurci direba ya fid da takardu da shimfiɗun ƙasa tukuna. Sa'an nan ya riƙa danna kujeru da busasshen tawul yana matsewa, har ruwa ya daina fitowa. Ya ciro kujerar baya ya jingine ta a rana, ya buɗe ƙofofi duka. Da dare a ajiye kwanon gawayi a ciki, domin yana shan wari.

Amma kada a kuskura a sa kaskon wuta. Tururin garwashi a rufaffiyar mota yana kisa, ga kuma gobara.

Malamai su danna kujera da tafin hannu kafin Hakimi ya shiga. In da danshi, to, da sauran aiki.